Injinan Kudenda da Tarihin Sauya wa Manhaja Harshe

Duk wanda ya bi titin Nnamdi Azikiwe ya ratsa ta Kudenda, a kudancin kogin Kaduna, abin da idonsa zai fara cin karo da shi shi ne dogayen katangu, manyan rumfunan ƙarfe, da tireloli a jere suna jiran lodi. A nan masana'antar kwalabe ta Sunglass take, a nan kamfanin Nigerian Breweries yake da ɗaya daga cikin masana'antunsa na Kaduna, a nan kuma aka kafa tashar lantarki mai megawat 215 wadda Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilarta a 2009. Irin waɗannan wurare, a ko'ina suke a duniya, suna da wani abu guda da mai wucewa ba ya gani. A bayan kowane layin injina akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai 'yar kwamfuta, a cikinta kuma akwai rubutun umarni da wani mutum ya zauna ya tsara: buɗe wannan bawul, jira daƙiƙa uku, in zafi ya wuce kaza ka kashe wuta.

Injin ƙarfe, in ana kula da shi, yakan yi shekara talatin ko arba'in yana aiki. Harshen da aka rubuta masa umarni da shi sau da yawa ba ya kai haka. Kamfanin da ya ƙirƙiro harshen yakan daina kula da shi, kwamfutar da ke jin sa takan ɓace daga kasuwa, waɗanda suka iya shi sukan yi ritaya. Ranar da hakan ta faru, dole a ɗauki umarnin nan a mayar da shi wani harshe ba tare da aikinsa ya canja ba. Wannan sana'a ta haura shekara sittin a duniya, kayan aikinta sun bunƙasa ƙwarai, amma wurin da ta fi wuya bai gusa ba: ma'anar da marubucin farko ya bari a ransa, bai sa ta a rubuce ba.

Lokacin da kowane inji yake da harshensa

Tunanin rubuta wa inji umarni ya girmi kwamfuta. A 1804, a birnin Liyon na Faransa, Joseph Marie Jacquard ya fito da masaƙar da ke bin katunan da aka huhhuda: inda aka yi huji zare ya ɗaga, inda babu ya tsaya. A canja kati, zanen yadi ya canja. Kwamfutocin farko sun gaji katin huji, kuma kowacce tana da nata lambobin umarni. Abin da aka rubuta wa kwamfutar IBM ba ya aiki a kan ta UNIVAC. Wanda ya sayi sabuwa sai ya sa a sake rubuta masa komai daga farko.

A 1952 Grace Hopper, masaniyar lissafi kuma jami'ar sojan ruwan Amurka, ta haɗa manhajar A-0, ɗaya daga cikin na farko da suka ɗauke wa mutum wahalar jera lambobin inji da hannu. A 1957, shekarar da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, maƙwabciyar Kudenda, John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fito da FORTRAN domin lissafin kimiyya da injiniyanci. A 1959 aka tsara COBOL domin albashi, haraji da asusun banki. Kowane ɗayansu ya zo da manhajar da ke yi masa tafinta zuwa lambobin inji, wadda 'yan sana'ar suke kira kwamfaila. A Disamban 1960 aka gwada shiri ɗaya na COBOL a kan kwamfutoci biyu na kamfanoni daban, UNIVAC II da RCA 501, ya yi aiki a duka biyun. Mutane da yawa sun zaci an gama da matsalar sake rubutu. Abin da ya biyo baya shi ne harsunan suka yi ta hayayyafa, sai matsalar ta tashi daga tsakanin inji da inji ta koma tsakanin harshe da harshe.

Hanyoyi uku da aka gano tun da wuri

Kasuwa ce ta fara tilasta a nemi mafita. Kwamfutar IBM 1401, wadda ta fito a 1959, ta karɓu har aka ƙera fiye da 10,000. A ƙarshen 1963 kamfanin Honeywell ya fito da tasa mai suna H200, wadda ta fi sauri, ya haɗa ta da wata manhaja da ya kira Liberator. Aikinta shi ne ta karanta shirin da aka rubuta wa 1401 ta mayar da shi na H200. Saƙon a fili yake: ka bar IBM, ba za ka yi asarar rubutunka ba. IBM ta mayar da martani a Afrilun 1964 da jerin kwamfutocin System/360, ta kuma ba wasu daga cikinsu ikon kwaikwayon 1401, ta yadda tsohon shiri zai ci gaba da gudana ba tare da an taɓa ko layi ɗaya ba.

Hanya ta uku ta bayyana a 1973 a ɗakunan bincike na Bell, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka sake rubuta zuciyar manhajar Unix da hannu, daga harshen inji zuwa harshen C. Wannan ne ya ba Unix damar ƙaura daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kuma daga tsatsonta tsarin Linux da Android suka samo fasali.

Har yau a kan waɗannan uku ake zaɓi. Ko a sa manhaja ta juya rubutun, wanda ya fi sauri amma yakan haifar da rubutu mai wuyar karantawa. Ko a bar tsohon rubutu a gina masa kwaikwayon tsohon gidansa, wanda ya fi aminci amma ɗage ranar biyan bashi ne kawai. Ko a sake rubutawa da hannu, wanda ya fi tsabta, ya fi tsada, ya kuma fi haɗarin a manta da wata ƙa'ida da ke ɓoye a tsohon.

Harshen ma'aikatan lantarki

Reshen tarihin da ya fi shafar wuri irin Kudenda ya faro ne a 1968, lokacin da kamfanin motoci na General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin ɗaruruwan makunnan lantarki masu sarrafa kansu da ke cike da bangayen masana'antunsa. Duk sanda aka canja samfurin mota sai an kwance wayoyi an sake ɗaurawa. Dick Morley da abokansa suka ƙera Modicon 084, ɗaya daga cikin na'urorin farko da ake kira PLC. Hikimar da ta sa irin wannan na'ura ta karɓu ita ce an ba ta harshe mai kama da zanen wayoyin da masu gyaran lantarki suka saba da shi: layuka biyu a tsaye, wasu a gicciye kamar matakan tsani. Shi ya sa ake ce masa harshen tsani.

Kowane kamfani ya yi nasa karin harshen. Siemens ta Jamus ta fito da jerin S5 a 1979, sannan S7 a tsakiyar shekarun 1990, tare da manhajar da ke juya shirin S5 zuwa na S7. Manhajar tana juya mafi yawa, ta bar wa injiniya jerin wuraren da ta kasa, musamman inda shirin ya dogara da sigar tsohuwar na'urar. A 1993 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta fitar da ƙa'idar IEC 61131-3, wadda ta amince da harsuna biyar. Biyu daga ciki sun isa misali. Harshen tsani yana da daɗin bi ga mai gyara da aka taso da tsakar dare, domin yana ganin inda wuta ta tsaya da idonsa, amma lissafi mai zurfi yana yi masa nauyi. Ɗayan kuma rubutu ne zalla mai kama da harshen Pascal, lissafi a wurinsa wasa ne, amma wanda bai koyi shirya manhaja ba sai ya tsaya yana kallo. Saboda haka tambayar wanne ya fi ba ta da amsa sai an san wa zai riƙe injin bayan mai rubutu ya tafi.

Akwai kuma abin da babu manhajar juyi da za ta gane. Sabuwar na'ura takan zagaye shirinta da sauri fiye da tsohuwa. In tsohon injiniya ya dogara da jinkirin tsohuwar wajen ba wani bawul lokacin rufewa, bai rubuta hakan a ko'ina ba, to bayan juyi kowane layi zai zama daidai, amma kwalba za ta riƙa zubewa.

Abin da aka koya a azuzuwan Kaduna

Kaduna tana da hannu a yadda Najeriya ta koyi waɗannan harsuna. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 domin kula da ilimin fasaha, ta shafe shekaru da hedkwatarta a Kaduna, kuma ita ke tsara manhajar karatun kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan. Ɗaliban kwamfuta a Kaduna Polytechnic da takwarorinta sun yi shekaru suna bi ta kan BASIC, FORTRAN, COBOL da Pascal kafin Java ta shigo. Wanda ya yi wannan karatu ya san cewa kowane harshe yana da halinsa. COBOL yana da yawan magana, amma akawu zai iya karanta shi ya gane. FORTRAN gajere ne, lissafi ya sa gaba. Pascal kuma ba ya barin ka yi amfani da abu sai ka faɗi irinsa tukuna.

A wancan lokaci duniya tana ta ƙera gadoji tsakanin harsuna. Bjarne Stroustrup, wanda ya ƙirƙiro C++, ya fara gudanar da shi ne ta hanyar wata manhaja, Cfront, da ke mayar da shi C. A 1990 aka saki f2c mai mayar da FORTRAN 77 zuwa C. Da shekarar 2000 ta gabato, sai aka farga cewa tsofaffin shirye-shirye da yawa suna ajiye shekara da lamba biyu kacal, aka bazama neman dattawan da suka iya COBOL. Mafi yawan bankuna da hukumomi sun zaɓi su yi faci maimakon su canja harshe, domin lokaci ya ƙure.

A ofisoshi da makarantun Najeriya, Visual Basic 6 na Microsoft, wanda ya fito a 1998, ya zama abin hannun masu haɗa manhajar albashi, ta sakamakon jarrabawa da ta kantin magani. A 2002 Microsoft ta fito da magajinsa mai kusan suna ɗaya amma ginin ciki daban. Ta ba da manhajar juyi, sai dai rubutun da ke fitowa yakan zo cike da alamomin wuraren da sai mutum ya gyara da hannu. Da yawa suka ƙi ƙaura. Bankuna ma sun ɗanɗana tasu. Bayan garambawul ɗin gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, kuma Unity Bank da ya fara aiki a 2006 haɗakar bankuna tara ne, har da Bank of the North. Duk inda aka yi irin wannan haɗaka, sai an tattaro asusun da ke kan manhajoji daban-daban an zuba su a guda ɗaya, ba tare da kobon kowa ya salwanta ba.

Inda harsuna suke saɓawa

Mai kallo daga nesa zai ɗauka juyi musayar kalmomi ne: inda wancan ya ce kaza, wannan ya ce kaza. Ba a nan gizo yake saƙa ba. Duk mai sayen hatsi ya san mudun wata kasuwa ba lallai ya zama daidai da na wata ba, ko da sunan ɗaya ne. Haka ma'aunan harsunan kwamfuta suke.

A ɗauki kuɗi. COBOL yana barin marubuci ya faɗi adadin gurabun lamba da yake so, har 18 a tsohuwar ƙa'ida, ya kuma ware biyu na kobo. Java tana da nau'in lamba mai suna int wanda iyakarsa 2,147,483,647. In mai juyi ya zuba kuɗi a cikinsa a matsayin kobo, to da zarar asusu ya wuce naira 21,474,836 da kobo 47, lambar za ta juye ta koma ƙasa da sifili, ba tare da wani gargaɗi ba. Python kuwa ba ta da wannan iyaka, lambarta tana faɗaɗa da kanta. In kuma aka gudu daga int aka koma nau'in lamba mai ɗigo, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin a Java da Python da JavaScript, 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. Wannan ɗan burbushi, in ya taru a kan miliyoyin ciniki, sai littafin banki ya ƙi daidaita. Shi ya sa ƙwararru suke amfani da nau'in lamba na musamman domin kuɗi.

A ɗauki rabawa. A Python 2, bakwai a raba biyu uku ne. A Python 3 uku da rabi ne. In lambar ƙasa da sifili take, C da Java suna yanke ta zuwa -3, rabawar Python mai zubar da saura kuma tana ba da -4. A ɗauki ƙirga. FORTRAN da COBOL suna fara ƙirga jeri daga 1, C da Java da Python daga 0. Kuskuren gurbi ɗaya ya isa a ba ma'aikaci albashin wanda ke bin sa a jeri.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye, wato haruffanmu masu lanƙwasa. A tsarin UTF-8 da intanet ke amfani da shi, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne gurbi biyu yake ci, alhali a da b gurbi ɗaya. In aka tambayi Python 3 ko Java tsawon sunan Ƙanƙara, za su ce 7. In aka tambayi C ko Go ta hanyar da aka saba, za su ce 9, domin gurabe suke ƙirgawa. Shirin da ke yanke suna a gurbi na ashirin yana iya raba harafi biyu, sunan mutum ya fito a takardar shaidarsa da wata baƙuwar alama.

Ɗaya daga cikin darussa mafi tsada a wannan babi ya faru ne ranar 4 ga Yuni, 1996, lokacin da rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta na farko. An ɗauko wani shiri daga Ariane 4, harshen ma bai canja ba, Ada ne. Abin da ya canja shi ne sabuwar rokar ta fi gudu, sai wata lamba mai gurbi 64 ta ƙi shiga mazubi mai gurbi 16. Rubutun yana nan yadda yake, zaton da aka gina shi a kai ne ya rushe.

Daga 2008 zuwa yau

Python 3 ta fito a Disamban 2008 tare da manhajar juyi mai suna 2to3. Duk da cewa harshe ɗaya ne, sai da aka kai 1 ga Janairu, 2020 kafin a rufe babin Python 2. Commonwealth Bank na Ostareliya ya shafe kimanin shekara biyar, ya kashe kusan dalar Amurka miliyan 750, kafin ya sauka daga tsohon tsarinsa. A Afrilun 2020, da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi yawa, gwamnan jihar New Jersey na lokacin, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL.

Akwai kuma waɗanda suka yi nasara, kuma yadda suka yi ta abin koyi ne. Masu harshen Go a Google sun mayar da kwamfailarsu daga C zuwa Go a 2015. Sun rubuta manhajar juyi da aka ɗinka wa rubutunsu kaɗai, sannan suka riƙa kwatanta abin da tsohuwa da sabuwa suke fitarwa har suka tabbatar babu bambanci. Sun kuma faɗa a fili cewa sabuwar ta fi jinkiri da farko, daga baya suka gyara. A Maris 2025 Microsoft ta sanar tana mayar da kwamfailar TypeScript zuwa Go, tana neman saurin da ya kai ninki goma, kuma jagoran aikin, Anders Hejlsberg, ya bayyana cewa sun zaɓi Go ne saboda gininsa ya yi kama da na rubutun da suke da shi.

Sai ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A 2020 masu bincike na Facebook suka fito da TransCoder mai juyi tsakanin C++, Java da Python. A 2023 IBM ta fito da watsonx Code Assistant domin mayar da COBOL zuwa Java. A 2024 hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta ƙaddamar da shirin TRACTOR domin mayar da C zuwa harshen Rust, bayan Microsoft ta bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da take toshewa daga kuskuren sarrafa ma'ajiya suke, irin kuskuren da Rust yake hanawa tun a rubutu. Yau matashi a Kakuri ko Nasarawa zai iya liƙa rubutun Java a wayarsa ya samu na Python cikin daƙiƙu. Rubutun zai fito da tsabta, ya fi na Liberator da f2c daɗin karantawa nesa ba kusa ba. A nan haɗarin yake, domin kuskuren tsofaffin manhajoji a fili yake, na sababbin kuwa yakan zo cikin shiga mai kyau. Gwaji kaɗai ke tona shi: a ba tsohon shiri da sabo tambayoyi iri ɗaya, har da na gefe-gefe, a ga ko amsa ta zo ɗaya.

Abin da ya rage mana

Mutanen kudancin kogin Kaduna sun san abin da rufewar masana'anta take nufi. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta, kuma ilimin da ke kawunan ma'aikatansu ya watse tare da su. Masana'antun da suka rage a Kudenda da Kakuri bai kamata su bari ilimin injinansu ya bi wannan hanya ba. Duk mai masana'anta ya tambayi kansa yau: ina kwafin rubutun umarnin injina yake, da wane harshe aka yi shi, wa ya iya karanta shi a cikin ma'aikatana? In amsar ita ce sai an kira wani daga ƙasar waje an biya shi da dala, to rigakafi ya fi magani. Tun ranar sayen inji a sa a yarjejeniya cewa za a miƙa rubutun da bayaninsa.

Matasa kuma hanya a buɗe take. Cibiyar CoLab ta fara aiki a Barnawa tun 2016, shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya ya zo a 2023, kuma yawancin masu koyo Python da JavaScript suka nufa. Wannan daidai ne, amma kada a raina tsofaffin harsuna da harshen tsani, domin masu jin su suna raguwa alhali injinan da bankunan da ke dogara da su suna nan. Ya kai ɗalibi, ka koyi harshe biyu da kyau maimakon biyar sama-sama, ka san inda suke saɓawa, ka zauna da dattawan masu gyara ka rubuta abin da suka sani tun suna kusa, kuma kada ka miƙa aikin da ka juya sai ka gwada shi da hannunka.